Sanda Mai Fuska Biyu: Yadda Hunturu Ya Tsara Girkin Mutanen Norway

A gidajen manoman Norway na dā akwai wata sanda da ake ratayewa a bango, sunanta primstav. Kalanda ce ta katako da aka yi wa tsaga-tsaga, kowace tsaga rana guda. Fuska ɗaya ta lokacin ɗumi ce, tana farawa ranar 14 ga Afrilu. Idan 14 ga Oktoba ta zo sai a juya ta, an shiga hunturu ke nan. Alamomin da ke jikinta na ranakun waliyyan coci ne, amma manomi da matarsa da su suke gane ranar shuka, ranar kai dabbobi kan dutse, da lokacin yanka. Yawancin abincin da mutanen ƙasar ke alfahari da shi yau a wajen biki, daga wannan lissafi ya fito. Dabara ce ta yadda abin da aka samu a watanni kaɗan zai riƙe gida shekara guda.

Dalilin yana cikin ƙasar kanta. Abin da ke nomuwa a Norway bai wuce kashi 3 cikin 100 na faɗinta ba, saura duwatsu ne da dazuzzuka da ruwa. A birnin Tromsø da ke arewa, rana kan yi kusan wata biyu ba ta leƙo ba. Alkama ba ta jin daɗin irin wannan wuri, don haka sha'ir da hatsin oat su ne abincin talaka, ko a dama su kamar kunu mai kauri, ko a yi gurasa da su.

Shekarar girki tana farawa ne a teku, a tsakiyar sanyi. Daga Janairu zuwa Afrilu wani babban kifi da suke kira skrei yakan baro Tekun Barents ya gangaro tsibiran Lofoten don ya zuba ƙwai. Masunta sun daɗe suna tarbarsa a can, har tarihin sarakunansu ya nuna cewa Sarki Øystein ya gina musu bukkokin kwana wajen shekarar 1120. A waɗannan makonni ne kawai ake cin mølje, wato ɗanyen kifin da aka dafa tare da hantarsa da ƙwansa. Man da ke cikin hantar yana maye wa jiki abin da rashin hasken rana ya hana shi. Sauran kifin kuwa sai a fafe cikinsa, a ɗaure bibbiyu ta wutsiya, a rataye a kan manyan dangogin katako. Ba gishiri, ba hayaƙi, iska ce kaɗai ke aikin. Sanyin Lofoten ya isa ya hana ƙuda da ruɓa, kuma bai kai ya daskarar da naman ya farfashe ba. Bayan kamar wata uku kifin ya zama tamkar itace, yana iya shekaru bai lalace ba.

Wannan busasshen kifi shi ya ciyar da arewacin ƙasar da hatsin da ba ta iya nomawa. Wajen 1360 'yan kasuwar Jamus na ƙungiyar Hansa suka kafa ofishinsu a birnin Bergen, suna kawo hatsi suna kwasar kifi. A 1432 jirgin wani ɗan kasuwar Venice mai suna Pietro Querini ya lalace, aka tsince shi da ragowar mutanensa a tsibirin Røst, ya koma gida da guzurin kifin, kuma har yau Italiya na cikin manyan masu saye. Mai karatu a Najeriya ya san kifin nan ko da bai san asalinsa ba. Shi ne wanda Ibo ke kira okporoko, ana ganin kawunansa jibge a kasuwanni irin su Sabon Garin Kano. An kuma shigo da shi da yawa a matsayin kayan agaji lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970.

Da dusar ƙanƙara ta narke, aiki ya koma hannun mata. Ciyawar kwari ta hunturu ce, dole a bar ta a yanke a adana, saboda haka sai a kora shanu da awaki zuwa ruga a kan duwatsu, wadda suke kira seter. 'Yan mata da matan aure kan yi watanni a can suna tatsa. Madarar ba ta sha ba ce, ta tanadi ce: a kaɗa man shanu, a yi cuku, ruwan da ya rage kuma a yi ta dafa shi har ya ƙafe ya yi launin ƙasa. A 1863 wata budurwa mai suna Anne Hov a kwarin Gudbrandsdalen ta zuba kirim a cikin wannan ruwa, aka samu cuku mai zaƙi da laushi. Shi ne brunost da ake yankawa kan burodi a gidajen Norway har gobe.

Kaka lokacin wuƙa ne. Tumaki sun sauko daga dutse da ƙiba, kuma maigida ya san harawarsa ba za ta riƙe su duka zuwa Afrilu ba. Sai a yanka waɗanda za a yanka. Cinya a sa mata gishiri a shanya ta zama fenalår, haƙarƙari ya zama pinnekjøtt, a yankin Voss har kan tunkiya ake babbakewa a adana. Ɗanyen nama na 'yan kwanaki ne kawai, kuma ya zo daidai da nunar kabeji. Daga nan aka samu fårikål: a jera nama da kabeji hawa-hawa a tukunya, a watsa masoro da gishiri, a bar shi ya yi ta dahuwa. Gurasarsu ma ta tanadi ce. Akan gasa flatbrød, siririya ƙayau, a kaka da kuma lokacin narkewar ƙanƙara, sa'ad da rafuka ke da ƙarfin juya dutsen niƙa. A jibge ta a stabbur, rumbun katako da ake ɗorawa kan ginshiƙai saboda ɓera da laima.

Idan lissafin ya kuskure, yunwa ce. Daga 1807 zuwa 1814, a yaƙe-yaƙen Napoleon, Denmark da ke mulkin Norway ta bi bayan Faransa, jiragen yaƙin Ingila suka tare hanyar hatsi. A 1812 amfanin gona ya lalace. Mutane suka koma niƙa ɓawon cikin itacen pine suna gauraya shi da gari. Dankalin Turawa ya shigo ƙasar tun wajen 1750, wasu limaman coci ma sun yi ta wa'azinsa daga kan mumbari, amma manoma na ɗari-ɗari da shi. Bayan wannan wahala ne suka rungume shi, ya zama abokin kusan kowane girki da aka ambata a sama.

Firiza ce ta kawo ƙarshen mulkin sandar. Daga shekarun 1950 zuwa 1960 ta shiga gidaje, babu sauran wanda rayuwarsa ta dogara da gishiri da iska. Sai dai abincin bai mutu ba, matsayi ya sauya. A 1972 masu sauraron shirin Nitimen na gidan rediyon ƙasar, NRK, suka zaɓi fårikål a matsayin abincin ƙasa, kuma yanzu ranar Alhamis ta ƙarshen Satumba ranarsa ce. Pinnekjøtt da aka ƙirƙira don kada nama ya ruɓe ya zama abincin daren Kirsimeti a yammacin ƙasar. Lutefisk, busasshen kifin da ake jiƙawa a ruwan toka har ya yi laushi, yanzu sai an kama kujera a gidan abinci kafin a same shi a Disamba, kuma jikokin waɗanda suka yi ƙaura zuwa Amurka na cinsa a Minnesota don tuna asali.

Abu guda ne har yau yake bin tsohuwar kalanda ba don sha'awa ba, shi ne kifin Lofoten. Yana buƙatar skrei ya zo a kan lokaci, iska kuma ta tsaya a sanyin da aka saba. Duka biyun sun fara tangal-tangal: yankin na ƙara ɗumi, kuma a 'yan shekarun nan hukumomi sun yi ta rage adadin da aka yarda a kama a Tekun Barents saboda kifin ya ragu. Idan dangogin Lofoten suka rage kaya a watan Maris, masunta ne za su fara ji, daga baya kuma mai miya a Aba ko Kano ta ji a wajen ciniki.