Daga Tsumman Karen Mota Zuwa Injin Feshi: Tarihin Wankin Wili a Ƙasar Bade da Nguru

Duk motar da ta fito daga ƙauyen Dagona ta kama hanyar Gashuwa ko Nguru, dauɗa iri uku take ɗauke da ita a ƙafa. Akwai baƙar lakar fadama wadda ke maƙalewa da damina, akwai rairayin da iskar hunturu ke turawa cikin kowane lungu na wili, sai kuma wata baƙar ƙura mai laushi da ke kwanciya a wilin gaba fiye da na baya. Laka da rairayi sun girmi mota a wannan ƙasa. Baƙar ƙurar kuwa baƙuwa ce, daga birki take fitowa, kuma ita ce ta fi sauya aikin masu wankin mota a shekarun baya-bayan nan.

Jirgin ƙasa ne ya buɗe wa mota ƙofa a nan. Layin dogo ya iso Kano a 1911, sannan a 1930 aka kammala reshensa mai tsawon mil 143 zuwa Nguru. Da garin ya zama ƙarshen dogo, sai gyaɗa da ƙaro da fatu da shanu da busasshen kifi da kanwar ƙasar Manga suka riƙa taruwa a tasharsa. Da farko raƙuma da jakuna da takarkarai ne ke kawo kayan, daga baya manyan motoci suka karɓe. Gashuwa ma ta ƙara cika bayan da fadar Mai Bade ta taso daga Gogaram ta dawo cikinta a 1946. Haka hanyar da ke tsakanin garuruwan biyu ta zama ta Bedford da Austin, daga baya kuma Marsandi mai bodin katako.

A wancan zamani wankin mota bai zama sana'a mai cin gashin kanta ba. Aikin karen mota ne, yaron da ke sa wa taya waigi, ya ɗaure kaya, ya duba ruwan lagireto, yana jiran ranar da maigidansa zai ba shi sitiyari. Idan an sauke kaya sai a gangara da mota bakin kogi ko kududdufi, yaro ya naɗe wando ya shiga da bokiti da tsumman buhu. Wilin ƙarfe ne mai kauri, an shafe shi da fenti baƙi ko ja. In laka ta bushe a kai, a ƙwaƙule ta da tsinke ko guntun ƙarfe, a damƙi rairayi a dirje. Idan fenti ya kankare, gwangwani ɗaya da buroshi sun isa. Babu direban da ke tsugunawa yana neman karce a wilin motar gyaɗa.

Ƙurar birki ma ba ta da hanyar fitowa. Waɗannan motoci birkin ganga gare su, irin wanda Louis Renault ya fito da shi a Faransa a 1902: takalman birki biyu ne ke buɗewa su danne cikin wata gangar ƙarfe da ke juyawa tare da taya. Abin da ya goge daga jikinsu a cikin gangar yake taruwa. Sai ranar da bakanike ya kwance ta ne ake ganinsa, shi kuma ya sa baki ya hure. Abin da mutane ba su sani ba a lokacin shi ne fatar birkin ta asbestos ce, ma'adinin da zarensa ke maƙalewa a huhu ya jawo cuta bayan shekaru masu yawa. Birtaniya ta haramta shi gaba ɗaya a 1999, Tarayyar Turai kuma a 2005.

Birkin faifai ya zo da wani tsari dabam. Faifan ƙarfe ne a fili, fatun birki biyu na matse shi ta kowane gefe, iska na ratsawa tana sanyaya shi. Kamfanin Jaguar ya ci tseren Le Mans da shi a 1953, Citroën kuma ya sa shi a motarsa DS a 1955. A Najeriya, Fijo ce ta kai shi lungu da saƙo. Masana'antar Fijo ta PAN da ke Kaduna ta fara harhaɗa motoci a 1975, kuma 504, wadda ke da faifai a ƙafafun gaba, ta zama motar gwamnati, motar alhazai, motar haya daga tashar Nguru zuwa Kano ta Haɗeja. To amma wilinta ƙarfe ne, da marfi a kai. Ƙurar tana fita, sai dai tana ɓuya a bayan marfin. Mai wanki ya goge marfi ya yi ƙyalli, kowa ya gamsu.

A shekarun 1980 ne Dagona ta fara ganin jerin gwanon motocin manya. Tafkinta matattarar tsuntsaye ce da ke ƙetaro Sahara daga Turai su yi hunturu a dausayin Haɗeja da Nguru, kuma saboda su Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya zo a 1989 yana shugaban ƙungiyar kare namun daji ta WWF. A 1991 aka kafa Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Chadi, Dagona ta shiga cikinsa, a shekarar kuma aka yanko Jihar Yobe daga Borno. Sabuwar jiha ta zo da sababbin ma'aikata da motocin ofis, masu son a gan su tsaf ranar Litinin.

Babban sauyin dai daga tashar jiragen ruwan Kwatano ya taso. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 darajar naira ta zube, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, sai 'yan Beljiyam, wato motocin da aka riga aka yi amfani da su a ƙasashen waje, suka cika gari: Golf da Vectra da Sharan daga Turai, Honda da Toyota daga Amurka. Da yawansu sun zo da rim na alminiyam, mai yatsu a buɗe, ba marfi. Ta tsakanin yatsun ana hango faifan birki, ta nan kuma ƙurarsa ke fitowa ta kwanta a fuskar wili. Birkin gaba shi ke ɗaukar mafi yawan nauyin tsayar da mota, shi ya sa wilin gaba ke riga na baya yin baƙi.

A wannan tsakani ne wankin mota ya tashi daga bakin ruwa ya dawo bakin titi. Matasa suka kama fili kusa da tasha ko gidan mai, suka kafa rumfa, 'yan garuwa na turo musu jarkoki a kura. Daga baya aka samu rijiyar burtsatse da tanki da janareta da injin feshi, aka samu maigida da yaransa, da farashi dabam na wankin jiki da na inji da na ciki. Kayan aiki sun sauya, amma hannun da ke aikin, a kan wilin ƙarfe ya koyi darasinsa. Har yau a wurare da yawa bokiti ɗaya ne, soso ɗaya, garin sabulun wanki ɗaya, daga rufin mota har taya. Idan baƙin ya ƙi fita, sai a ɗauko soson ƙarfe, a dirje rim kamar yadda ake dirje gindin tukunya da toka da yashi.

Ƙurar ba ta jin wannan dabara saboda ba ƙasa ba ce. Mafi yawanta garin ƙarfe ne da ya goge daga faifan, haɗe da gawayi da ƙaron da ke riƙe fatar birki, wani lokaci da tagulla. Faifan kan haura digiri 300 idan an matsa masa, don haka garin da zafinsa yake sauka. Rim kuwa fenti ne a kansa, sannan wani farin shafi mai sheƙi wanda kaurinsa bai kai na takardar littafi ba. Garin ƙarfen yana nutsewa cikin wannan shafi, in ya sha raɓa ko ruwan sama ya yi tsatsa, ya bar ɗigo-ɗigon ja da baƙi. Soson ƙarfe yana cire ɗigon, amma tare da shafin yake tafiya. Rim ya yi fari ranar farko, bayan mako biyu ya dawo da baƙin da ya fi na da, domin kowane karce ya zama mazaunin sabuwar ƙura.

A wannan yanki akwai ƙarin matsala da mai wanki a Legas bai san ta sosai ba. Ƙurar hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, da rairayin da iska ke kwasowa daga tuddan Yusufari da Machina, duk suna ɗauke da ƙwayoyin da suka fi fentin mota tauri nesa ba kusa ba. Tsumman da ya faɗi ƙasa aka ɗauka aka ci gaba da shi ya riga ya zama samfefa. Ga kuma zafin bazara, wanda a Nguru ke wuce digiri 40 a watan Afrilu: sabulu na bushewa a kan rim kafin a ɗauraye, ya bar zane. Masu zuba ruwan batir ko sodar haɗa sabulu don aiki ya yi sauri su ne suka fi ɓarna, domin duka biyun suna cin alminiyam, su bar shi da fari-fari kamar ƙura ta zauna, kuma ba ya gyaruwa sai da sabon fenti.

Ƙwararrun masu wanki sun gano hanyarsu ta gwaji da kuma ƙorafin masu mota. Suna barin wili ya huce a inuwa tukuna, don ruwan sanyi a kan faifai mai zafi yana iya lanƙwasa shi. Suna fara feshi da ruwa zalla har rairayi ya zube kafin hannu ya taɓa. Wili da bokitinsa da sosonsa, ba a haɗa shi da na jiki. Sabulun ruwa marar kaifi, buroshi mai laushi don tsakanin yatsu da ramin noti, a ɗauraye, a tsane da tsumma mai tsabta. Wanda ya shafa man ƙyalli bayan haka ya rage wa kansa wahalar wanki na gaba. Ɗigon da ya riga ya nutse kuwa akwai ruwan magani na musamman da dillalan kayan mota ke sayarwa a manyan birane: idan an fesa, yakan koma shunayya yayin da yake narkar da garin ƙarfen, sai a wanke ba tare da dirza ba. Tsadarsa ce ta hana shi yaɗuwa, musamman tun da cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 ya ninka kuɗin kunna janareta, ribar wankin ta ƙara ƙanƙancewa.

Akwai kuma tambayar inda ruwan wankin ke zuwa. A Amurka, jihohin Kalifoniya da Washinton sun kafa doka a 2010 ta rage tagulla a fatar birki, bayan an gano ruwan sama na wanke ta zuwa koguna tana cutar da kifi. Tarayyar Turai ma, a dokar Euro 7 da ta amince da ita a 2024, ta sa wa ƙurar birki iyaka a karon farko. Tafkin Dagona yana cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar tun 2008, tafkin Nguru da mashigin Marma tun 2000, kuma dubban masunta da manoman shinkafa da makiyaya da wannan ruwa suke rayuwa. Wankin mota da babur a bakin kogi, wanda aka gada daga zamanin motocin gyaɗa, yanzu yana zuba garin ƙarfe da baƙin mai da sabulu kai tsaye cikin ruwan da ake kamun kifi. Mai motar da ya kai ta rumfar wanki nesa da gaɓa, ya kuma hana a kusanci wilinsa da soson ƙarfe, ya tsare rim ɗinsa, ya kuma rage wa kogin Yobe dauɗa.