Wuta da Auduga: Muhawarar Algazali da Ibn Rushdi

Gabatarwa

Idan auduga ta haɗu da wuta takan ƙone. Amma me ya ƙone ta? Wutar ce da kanta, ko kuwa Allah ne yake halittar ƙunar a daidai lokacin da suka haɗu? A kan wannan tambaya manyan malaman Musulunci biyu suka saɓa, wato Imam Algazali da Ibn Rushdi. Wannan maƙala za ta duba yadda muhawarar ta kasance da abin da ya biyo bayanta.

Algazali da shakka

An haifi Abu Hamid Algazali a garin Ɗus na ƙasar Farisa a shekarar 1058. A 1091 waziri Nizamul Mulk ya naɗa shi malami a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza. A lokacin an daɗe da fassara littattafan Girkawa zuwa Larabci, kuma masana irin su Alfarabi da Ibn Sina sun gina falsafarsu a kan koyarwar Aristotal.

Algazali kansa ya ɗanɗana shakka. A cikin littafinsa Almunƙizu minad Dalal ya ba da labarin yadda ya yi kusan wata biyu bai amince da kowane irin sani ba. Ido yana ganin inuwa a tsaye, alhali tafiya take yi. Yana ganin tauraro kamar dinari, alhali lissafi ya nuna ya fi duniya girma. To, tun da hankali ya ƙaryata ido, me zai hana a sami abin da zai ƙaryata hankali? A cewarsa, wani haske da Allah ya jefa masa a zuciya ne ya warkar da shi.

A 1095 ya kammala Tahafutul Falasifa, inda ya soki masana falsafa a kan mas'aloli 20, ya kuma kafirta su a kan uku: cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah ya san abubuwa a dunƙule ne kawai, da musun tashin jiki ranar ƙiyama. A mas'ala ta 17 ya kawo misalin wuta da auduga. Ya ce abin da muke gani shi ne ƙuna tana faruwa tare da wuta, amma ba mu taɓa ganin abin da ya tilasta hakan ba. Al'ada ce da Allah ya gudanar, kuma yana da ikon saɓa mata, kamar yadda wuta ba ta ƙone Annabi Ibrahim ba. Duk da haka, ya ja kunnen masu musun lissafin husufin rana da wata da sunan kare addini. Ya ce cutar da addinin suke yi, domin wanda ya san hujjar lissafin, addinin zai yi wa shakka.

Martanin Ibn Rushdi

Algazali ya rasu a 1111. Shekara 15 bayan haka aka haifi Ibn Rushdi a Ƙurɗuba, ƙasar Andalus. Likita ne kuma alƙali ɗan mazhabar Malikiyya. Shi ne mai Bidayatul Mujtahid, littafin fiƙihun da malaman ƙasar Hausa suka sani. Wajen 1180 ya rubuta Tahafutut Tahafut, ya bi maganganun Algazali ɗaya bayan ɗaya yana mayar da martani. Ya ce da aikinsa ake gane kowane abu. Idan ƙonawa ba ɗabi'ar wuta ba ce, to ba abin da ya bambanta ta da ruwa. Saboda haka wanda ya musanta sababi ya rushe hankali, ya kuma rushe babbar hujjar samuwar Mahalicci, wato tsarin da ke cikin halitta.

A 1195 halifa Yaƙubu Almansur ya kore shi zuwa garin Lusena, aka ƙone littattafan falsafa. Daga baya an yafe masa, ya rasu a Marrakesh a 1198. A Turai kuwa an fassara sharhohinsa zuwa Latin, har a 1277 bishop na Paris ya haramta ra'ayoyi 219, wasu daga cikinsu na mabiyan Ibn Rushdi.

Kammalawa

Akan ce Algazali ne ya kashe kimiyya a ƙasashen Musulmi, amma tarihi bai goyi bayan wannan ba. A 1259 Nasiruddin Aɗɗusi ya kafa cibiyar nazarin taurari a Maraga, kuma Ibn Nafis, wanda ya rasu a 1288, ya bayyana yadda jini yake bi ta huhu. Abin lura kuma, a 1748 masanin falsafar Sikotilan David Hume ya kawo shakka irin ta Algazali game da sababi, amma a cikin littafin nan nasa ya soki yarda da labaran mu'ujiza. Ke nan shakka makami ce mai baki biyu: mai kare addini ya riƙe ta, mai sukarsa ma ya riƙe ta. Su kuwa malaman nan biyu, dukansu masu imani ne; saɓaninsu yana kan iyakar abin da hankali zai iya tabbatarwa.