Ɗan Ƙasa Biyu da Takardar Ƙetare Iyaka

Tambayar da nake son in tattauna a wannan ɗan taƙaitaccen rubutu ita ce: mutumin da yake ɗan Nijeriya ne kuma ɗan Nijar, shin sai da fasfo zai ƙetare iyaka daga Jibiya zuwa Maraɗi? Kafin a ba da amsa, ya kamata mu waiwayi tarihi.

A zamanin da, fatake ba su san fasfo ba. Abin da suka sani shi ne kuɗin fito da madugu yake biya, da kuma amanar fatoma mai masauki. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804, sarakunan Haɓe na Katsina suka yi arewa suka kafa mulki a Maraɗi, Gobirawa kuma suka zauna a Tsibiri. Gaba ce ta raba su da Sakkwato, amma harshe da aure da ciniki ba su yanke ba.

Turawa ne suka zo da layi. A 1890 Ingila da Faransa suka yi yarjejeniyar raba ƙasa daga Sayi zuwa Baruwa a bakin Tafkin Cadi. Suka sake gyara ta a 1898 da 1904 da 1906, sa'an nan aka bi daji ana kafa alamu tsakanin 1906 da 1908. Ta haka wa ya zama talakan Ingila, ƙane ya zama talakan Faransa, alhali kuwa gonarsu guda.

Bayan samun mulkin kai a 1960, sai takarda ta zama ita ce shaidar mutum. Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Alhaji Shugaba Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Borno. A 1980 gwamnatin tarayya ta kai shi Cadi ta ajiye, wai shi ba ɗan Nijeriya ba ne. Sai da kotu ta tabbatar masa da haƙƙinsa. In haka ta sami ɗan majalisa, ina ga talaka?

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ɗauke wa 'yan ƙasashen ƙungiyar neman biza har kwana 90, amma ba ta ɗauke musu riƙe takardar tafiya ba. Duk da haka Nijeriya ta rufe iyakokinta daga 1984 zuwa 1986, ta sake rufewa a 2019. A Janairun 2025 kuma Nijar ta fice daga ƙungiyar.

Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya yarda wa haifaffen ɗan ƙasa ya riƙe ƙasa ta biyu, Nijar ma ta yarda da haka a 2014. To, amsar da na cimma ita ce: ɗan ƙasa biyu ba baƙo ba ne a ko wane ɓangare, ba a nemansa da biza, amma ma'aikacin kan iyaka ba ya karanta asali a goshi. Dole ne ya nuna fasfo ko wata takardar shaida da hukuma ta amince da ita.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman na Daura da Illela da Maigatari, mu wayar da kan iyayenmu su yanki takardar haihuwa da katin shaida tun kafin ranar buƙata. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.