Asalin Al'adar Neman Ɗan Kwikwiyon Golden Retriever a Hannun Mai Kiwo

A Birtaniya da Amurka ta Arewa, wanda yake son ɗan kwikwiyo na irin karen da ake kira golden retriever daga hannun mai kiwo na ƙwarai ba ya zuwa da kuɗi ya taya a sallama masa, domin cinikin ya fi kama da neman aure. Shi ne zai fara rubuta wasiƙa ya gabatar da kansa, a bincika gidansa da sana'arsa da yawan sa'o'in da yake yi a waje, sannan a sa sunansa cikin jerin masu jira na tsawon watanni, kuma bayan duk wannan mai kiwon yana da ikon cewa ba zai ba shi ba. Wannan al'ada, wadda a cikinta mai sayarwa ne yake tantance mai saye, ta samo tushe daga yadda aka ƙirƙiro irin karen kansa fiye da shekara 150 da suka wuce. Sunan nasa kalmomi biyu ne na Ingilishi, ta farko tana nuni da launin zinariya na gashinsa, ta biyu kuma da aikinsa, wato ɗauko abin da maharbi ya harbo.

A tsakiyar ƙarni na 19 harbin tsuntsaye ya zama babban abin shaƙatawar masu dukiya a Birtaniya, musamman da bindigar da ake ɗurawa ta gindi ta maye gurbin wadda ake ɗurawa ta baki, ta yadda maharbi yake kayar da tsuntsaye masu yawa cikin ɗan lokaci, wasu su faɗa cikin ruwa, wasu cikin duhuwar ciyawa. Sai aka buƙaci kare mai hancin bin sawu, wanda ba ya tsoron ruwan sanyi, mai haƙurin zama har a ba shi umarni, kuma mai abin da maharba suke kira laushin baki, ma'ana ya ɗauko agwagwa ko makwarwa ya miƙa wa ubangidansa ba tare da haƙorinsa ya huda naman ba. Karnukan da suke wannan aiki a lokacin galibinsu baƙaƙe ne, kuma idan aka haifi rawaya a cikinsu ba a ɗaukarsa da wata daraja.

Dudley Coutts Marjoribanks, attajiri kuma ɗan majalisar dokoki mai wakiltar Berwick, wanda aka ba sarautar Lord Tweedmouth a 1881, ya mallaki gandun Guisachan da ke tsaunukan arewacin Sikotland, yamma da Inverness, a shekarun 1850. A 1865 ya sayi wani kare rawaya a garin Brighton daga hannun mai gyaran takalma, wanda shi ma an ba shi karen ne a madadin bashi, kuma shi kaɗai ne rawaya a cikin 'yan uwansa baƙaƙe. Aka raɗa masa suna Nous, kalmar Girkanci mai nufin hankali. A 1868 aka haɗa shi barbara da wata karya mai suna Belle, daga wani irin karen ruwa na yankin kogin Tweed wanda a yau ya ƙare a duniya, ta haifi kwiyakwiyai rawaye da suka haɗa da Cowslip da Crocus da Primrose. A cikin shekara ashirin da suka biyo baya, Marjoribanks ya riƙa komawa ga zuriyar Cowslip yana haɗa dangi da dangi don launi da hali su zauna, yana kuma shigo da jinin wasu irin karnuka jefi-jefi, ciki har da jan karen farauta na Ayalan da baƙaƙen masu ɗauko tsuntsu.

Abubuwa biyu daga zamanin Guisachan ne suka zama gado ga masu kiwo na baya. Na farko shi ne rubutu, domin Marjoribanks ya ajiye littafi da hannunsa daga 1835 zuwa 1890, yana shigar da sunan kowane kare da iyayensa da inda ya tafi. Na biyu kuma, wanda ya fi shafar mai neman ɗan kwikwiyo a yau, shi ne cewa waɗannan karnuka ba hajar kasuwa ba ce a wurinsa. Kyauta yake bayarwa ga 'yan uwa da abokai da masu gadin dajin farautarsa: Crocus ya tafi hannun ɗansa Edward, wata karya mai suna Ada ta tafi gidan ɗan 'yar uwarsa, Earl na Ilchester na biyar, wani ɗansa kuma, Archie, ya tafi da irin zuwa wani gandun shanu a Texas. Wanda ba a san shi ba, ba a kuma san wanda ya san shi ba, ba shi da hanyar samun kare daga Guisachan komai kuɗinsa.

Da yake littafin yana ɓoye a hannun iyali, sai tatsuniya ta cike gurbinsa. Wani Kanar mai suna William Le Poer Trench, wanda shi ma yana kiwon irin, ya yaɗa labarin cewa Lord Tweedmouth ya ga wasu karnukan Rasha suna wasa a dandalin 'yan wasan dabbobi masu yawo gari-gari, ya saye su gaba ɗaya, kuma daga gare su irin ya fito. Labarin ya shiga littattafai ya zauna shekaru da dama, har sai 1952 da Earl na Ilchester na shida ya wallafa abin da ke cikin littafin a mujallar Country Life, wata mai kiwo kuma mai bincike, Elma Stonex, ta bi salsalar karnukan zamaninta har ta haɗa su da na Guisachan. Abin lura a nan shi ne manyan masu kiwo na lokacin sun gaskata labarin Rasha da zuciya ɗaya, kuma takarda ce ta warware shi, wanda hakan ya ƙara wa rubutaccen asali kwarjini a idon masu wannan sana'a.

Fitowar irin daga gidajen sarauta zuwa idon jama'a ta faru ne ta hanyar gasar nuna karnuka da ƙungiyar Kennel Club, wadda aka kafa a 1873 don ta riƙe rajistar asalin karnuka a Birtaniya. Wanda ya fara kai su gasa a 1908 shi ne Lewis Harcourt, mai garken karnuka da ake kira Culham, kuma shi ne dai Sakataren Mulkin Mallaka na 1910 zuwa 1915 wanda aka sa wa birnin Fatakwal sunansa, aka kuma haɗe Arewa da Kudancin Nijeriya a zamaninsa. Amma wadda ta ɗauki nauyin irin a kanta ita ce Winifred Charlesworth, mai garken Noranby, wadda ta jagoranci kafa ƙungiyar masu kiwonsa, ta kuma matsa har Kennel Club ta ware masa rajista ta kansa a 1913, sunan golden retriever kuma ya tabbata a 1920. A wannan zamani ne aka sami rubutaccen ma'auni na siffar da ake so, ga kuma sunan garke, wato kalmar da mai kiwo yake yi wa rajista ya riƙa liƙa wa sunan duk ɗan kwikwiyon da aka haifa a hannunsa. Wannan suna shi ne mutuncin mai kiwo, domin duk inda kare ya je da aibi, sunan garken yana biye da shi, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya kula da hannun da zai saka ɗan kwikwiyonsa.

Ƙungiyar rajista ta Amurka ta karɓi irin a 1925, ta Kanada a 1927, masu kiwonsa a Amurka kuma suka kafa tasu ƙungiya a 1938. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu karen ya bar bakin fadama ya shiga falo, saboda sanyin halinsa da son yara da saurin koyo, har ya zama ɗaya daga cikin irin da aka fi horarwa don yi wa makafi jagora. Shugaban Amurka Gerald Ford ya riƙe wata karya mai suna Liberty, wadda ta haihu a fadar White House a 1975, kuma tun daga wannan zamani irin bai sauka daga sahun gaba na karnukan da aka fi yi wa rajista a Amurka ba. Farin jinin nan ne ya jawo masa masifa, domin buƙata ta fi ƙarfin masu kiwo na gargajiya, waɗanda da yawansu ba sa wuce haihuwa ɗaya ko biyu a shekara. Sai aka sami gonakin kwikwiyo, inda ake tsare karyoyi a keji ana ɗora musu ciki bayan ciki, dillalai su kwashe 'ya'yan zuwa kantuna, ba mai tambayar lafiyar uwa balle ta uba. Irin waɗannan kwiyakwiyai sukan zo da takardar rajista, amma takardar tana shaida sunan iyaye ne kawai, ba ta cewa komai game da lafiyarsu.

Martanin masu kiwo na ƙwarai shi ne ƙara wata takarda a kan ta asali, wato shaidar likita. Cutar da ta fara tayar da hankali ita ce rashin zaman kan ƙashin cinya daidai a cikin kwarmin ƙugu, wadda ake gado, take kuma gurgunta kare tun yana da sauran ƙarfi. A Birtaniya ƙungiyar likitocin dabbobi da Kennel Club sun fara tsarin duba hoton ƙashin ƙugu a 1965, inda a yanzu ake ba kowane ɓangare maki daga 0 zuwa 53, jimilla 106, kuma ƙarancin maki shi ne alamar lafiya. A Amurka an kafa gidauniyar OFA a 1966 don irin wannan aiki, ba ta kuma ba da shaidar ƙarshe sai kare ya cika wata 24. Daga baya aka ƙara gwajin gwiwar ƙafar gaba da na ido da na zuciya, kuma da yake ana wallafa sakamakon a intanet, mai nema yana iya duba iyayen ɗan kwikwiyo da kakanninsa kafin ya rubuta wa kowa wasiƙa. Ciwon daji ne ya gagari wannan tsari, domin yana kashe kaso mai yawa na irin kuma ba shi da gwaji guda da za a yi wa iyaye, abin da ya sa gidauniyar Morris ta fara bibiyar karnuka sama da 3,000 a 2012 tun daga ƙuruciyarsu har ƙarshen rayuwarsu. Saboda haka mai nema da ya san abin da yake yi yakan tambayi shekarun da kakannin ɗan kwikwiyon suka yi a duniya da abin da ya kashe su.

Launi ma ya shiga ciniki. Ma'aunin Birtaniya ya amince da launin madara a 1936, na Amurka kuwa bai yi na'am da fari sosai ba, kuma wannan ɗan saɓani ne wasu 'yan kasuwa a Amurka suka mayar jari, suna tallata farare a matsayin wani iri na daban daga Ingila suna tsawwala kuɗi, alhali iri ɗaya ne. Masu kiwo na ƙungiya sukan ɗauki wasiƙar da ta fara da tambayar launi da farashi a matsayin alamar wanda bai yi bincike ba.

Doka ta zo daga baya ta tabbatar da wasu abubuwan da al'ada ta riga ta shimfiɗa. Tun daga Afrilun 2016 wajibi ne a Ingila da Sikotland da Wales a dasa wa kare wata 'yar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, mai ɗauke da lambar da ke nuna mai shi, jihar California ta hana kantuna sayar da kwiyakwiyan gonaki daga 2019, sannan a Afrilun 2020 Ingila ta haramta wa dillali da kanti sayar da ɗan kwikwiyon da bai kai wata shida ba, sai dai a je wurin wanda aka haife shi a hannunsa ko gidan ceton dabbobi. Ba a raba ɗan kwikwiyo da uwarsa kafin mako takwas, kuma ana sa ran mai nema ya je da ƙafarsa ya gan shi tare da ita. A wajen masu kiwo da yawa, su ne suke zaɓar wa kowane gida ɗan da ya dace da shi bayan sun yi makonni suna lura da halin kowanne, yarjejeniyar da ake sa wa hannu kuma takan ƙunshi sharaɗin cewa idan riƙo ya gagara, ko da bayan shekara goma ne, za a mayar da karen gidan da ya fito, ba za a sayar wa wani ba.