Shin lasifikar gida na buƙatar amfilifaya ta daban?

A shagunan kayan lantarki da ke kewayen Taminus da titin Ahmadu Bello a birnin Jos, ba kasafai mai sayen lasifika ke fita ba tare da an ba shi shawarar ya haɗa da amfilifaya ba, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi. Wani lokaci shawarar daidai ce, wani lokaci kuwa asarar kuɗi ce. Abubuwa uku ne ke raba gardama: irin lasifikar, lambobin da ke jikinta, da girman ɗakin.

Irin lasifikar

Sautin da ke fitowa daga waya ko talabijin ko kwamfuta ba shi da ƙarfin da zai motsa lasifika, don haka babu lasifikar da ke aiki ba tare da amfilifaya ba. Abin dubawa shi ne inda amfilifayar take.

Duk lasifikar da ake jona ta da wutar bango, ko mai batir da ake haɗawa ta Bluetooth, tana ɗauke da tata amfilifayar a ciki. Irin wannan ba ta buƙatar ƙari, hasali ma jona ta da wata amfilifayar na iya ƙona ta. Wadda kuwa ba ta da wayar wuta, sai ramuka biyu ja da baƙi a bayanta, dole ta samu ƙarfi daga waje. Sai dai akwatin da ake sayarwa tare da lasifikokin falo galibi shi kansa amfilifaya ne, ga shi kuma da maɓallin ƙara sauti.

Lambobin da ke jikinta

Lamba ta farko ita ce ta om, wadda ke nuna nauyin da lasifika ke ɗora wa amfilifaya. Yawancin na gida om 8 ne ko 6 ko 4. Idan lambar ta yi ƙasa, lasifikar na jan wuta da yawa, kuma akwatin da aka ƙera don om 8 zai yi zafi ko ya riƙa kashe kansa idan aka ɗora masa mai om 4.

Ta biyu ita ce ta desibel, wato ƙarar da lasifika ke bayarwa da wat 1 a nisan mita 1. Ninka wat sau biyu desibel 3 kacal yake ƙarawa, kuma sai an ninka shi kusan sau goma kafin kunne ya ji sautin ya ninka. Saboda haka tashi daga wat 50 zuwa wat 100 ba wani gagarumin sauyi ba ne.

Misali, lasifika mai desibel 88 za ta ba da 98 idan ta samu wat 10. Wanda ke zaune a nisan mita 3 zai rasa abin da bai kai desibel 10 ba, don haka zai ji kusan 88. Wannan ya zarce desibel 80 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya saurara na sa'o'i 40 a mako ba tare da cutar da jinsa ba.

Mai saye ya kuma yi hattara da dubban wat da ake rubutawa a kwali da alamar PMPO. Lambar da ke da alamar RMS ita ce ta fi nuna ƙarfin da na'ura za ta iya riƙewa.

Lokacin da ake buƙatarta

Amfilifaya ta daban na da amfani idan falon babba ne ƙwarai, ko lasifikar mai om 4 ce kuma lambar desibel ɗinta ta yi ƙasa, ko sauti na karkarwa da zarar an ƙara shi. Wannan karkarwar alama ce cewa akwatin ya kai iyakarsa, kuma ita ce ke yawan ƙona ƙaramar lasifikar da ke fitar da siririn sauti. Kafin saye, a duba ko akwatin na da ramin fitar da sauti zuwa wata amfilifayar, domin ba kowane ne ke da shi ba.

Batun wuta

An ƙera kayan da ake sayarwa don Nijeriya su yi aiki da wuta mai ƙarfin bolt 230. Idan wutar da kamfanin JED ko janareta ke bayarwa ta yi ƙasa, amfilifaya ba za ta ba da cikakken ƙarfinta ba, sai mai gida ya zaci ta yi masa kaɗan. A nan sitabilaiza ce magani. Mai amfani da sola da inbata kuma ya sani cewa babbar amfilifaya ƙarin nauyi ce ga batir. Ƙurar hunturu ma na toshe ramukan shan iska, don haka a riƙa share su.

Wanda ke son ya gwada, ya sa waƙar da ya saba ji a ƙarar da yake so na rabin sa'a. Idan sautin ya fita tas kuma akwatin bai yi zafin da hannu zai kasa taɓawa ba, abin da yake da shi ya wadatar.