Daga Akwatin Gidan Waya Zuwa Ajin Cikin Kwamfuta: Taƙaitaccen Tarihin Karatu Daga Nesa

 A taronmu na bara an kawo shawarar cewa kuɗin da muka tara a sayi kwamfutoci da su a kai makarantarmu, domin ƙannenmu su riƙa shiga irin azuzuwan nan na cikin na'ura da duniya take yayi. An yi ta muhawara har la'asar ba a tsai da magana ba. Shi ya sa na ga ya dace in waiwayi tarihin karatu daga nesa a ƙasarmu, domin Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya, kuma wanda ya san inda aka fito ba zai sha wuyar gane inda aka dosa ba.

Zamanin wasiƙa da rediyo

Tun zamanin Turawa akwai ma'aikata da malaman makaranta da suka yi karatu ta gidan waya. Mutum zai biya kuɗi ga makarantu irin su Wolsey Hall da Rapid Results College da ke Ingila, a riƙa aiko masa da darussa cikin ambulan, ya amsa tambayoyi ya mayar, sannan ya zauna jiran sakamako makonni da dama. Wanda yake birni kusa da gidan waya shi ya fi morewa. Mutumin Toranke ko Balare kuwa sai ya sami wanda zai karɓo masa saƙo in an shiga Kano.

A wancan lokaci kuma akwai majigi, wato motar da take zagaya garuruwa tana haska fim a filin kasuwa ko ƙofar fada, ana koyar da tsafta da dabarun noma. Dattawanmu sun ce abin da ya sa ake fahimta shi ne akwai mai bayani da Hausa a tsaye gefen allon, yana fassara abin da ido yake gani. Mu riƙe wannan mai bayanin a zuciyarmu, domin za mu sake haɗuwa da shi.

Da aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Jihar Arewa a Kaduna a 1962, an riƙa watsa shirye-shirye na musamman domin makarantu. Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar su ma sun yi nasu gwajin. A 1964 suka fara koyar da yaran firamare ta talabijin a 'yan azuzuwa da ke Yamai da kewayenta, da taimakon Faransa. Darasi yana fitowa daga akwati, amma kowane aji yana da mai kula da shi wanda aka horar, ya shirya yara kafin shiri ya fara, ya kuma yi bita da su bayan an gama.

Cibiyar Malamai ta Kaduna

A 1976 aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE. Yara suka cika makarantu maƙil, malamai ƙwararru kuwa ba su wadata ba, kuma ba zai yiwu a kwashe waɗanda suke aji a mayar da su kwaleji a bar yara haka nan ba. Saboda haka a shekarar aka kafa Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa a Kaduna, wadda muka fi sani da NTI, domin malami ya ƙaro ilimi yana bakin aikinsa. Ta fara da takardar malanta mai daraja ta biyu, daga baya a 1990 ta shiga ba da NCE ta wannan hanya.

A nan tarihin ya shigo gidanmu. Mahaifina malamin firamare ne a ƙasar Ajingi, kuma ta wannan hanya ya sami NCE. Ina ƙarami nake ganinsa bayan sallar isha'i ya shimfiɗa tabarma, ya kunna fitilar ƙwai, ya buɗe littattafan nan masu laushin bango yana ja musu layi da jan biro. Ran Asabar ya ɗaure su a bayan keke ya tafi cibiyar da suke haɗuwa da masu koyar da su. Na taɓa tambayarsa dalilin wannan wahala tunda komai yana cikin littafi. Ya ce, "Kai yaro, littafi yana faɗa maka abin da ya sani, amma ba ya jin tambayarka." Sai da na girma na gane maganar.

Jami'ar karatu daga gida ita ma tana da nata labarin. Ingila ta kafa tata a 1969. Tamu gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kafa ta a 1983, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, ba a farfaɗo da ita ba sai a 2002 zamanin Obasanjo. Kusan shekara goma sha takwas ke nan suka tafi a banza. Daga 2016 zuwa 2021 ɗan Kano ne ya shugabance ta, Farfesa Abdalla Uba Adamu. Ita ma ɗin, duk da darussanta suna intanet, ba ta rabu da cibiyoyin karatu a jihohi ba.

Duniyar cikin kwamfuta

To, mene ne wannan sabon abu da ake son mu saya wa ƙannenmu? Wuri ne da aka gina a cikin kwamfuta, mai ɗakuna da hanyoyi da kujeru. Kowane ɗalibi yana da ɗan mutum-mutumi da yake wakiltarsa, yana tafiyar da shi daga inda yake zaune, ya shiga aji, ya ɗaga hannu, ya yi magana da na kusa da shi ko da ɗaya yana Gaya ɗaya yana Masar. Wanda ya fi shahara a farko shi ne Second Life, wanda kamfanin Linden Lab na Amurka ya buɗe a 2003. A 2006 sashen koyon shari'a na Jami'ar Harvard ya gudanar da wani kwas a ciki, jami'o'i da yawa kuma suka kama hayar filaye suka gina azuzuwa. Amma a 2010 kamfanin ya ba da sanarwar janye rangwamen rabin kuɗi da yake yi wa makarantu, da yawa suka tattara suka fita. Wanda ya yi gini a filin aro, ranar da mai fili ya ƙara kuɗi sai ya kwashe kayansa. Bayan haka an fito da Minecraft na makarantu a 2016, a 2021 kuma kamfanin Facebook ya sauya suna zuwa Meta saboda burinsa na gina irin wannan duniya da ake shiga da tabarau na musamman.

Mu dai abin bai zo mana da gaske ba sai a 2020, lokacin annobar korona. A watan Maris aka rufe makarantun ƙasar nan, 'yan ajin ƙarshe suka koma a Agusta domin jarrabawa, sauran kuwa sai daga baya. 'Ya'yan masu hali a birni sun ci gaba da darasi ta wayar hannu. A Jihar Kano rediyo da talabijin aka koma wa, wato kayan aikin zamanin kakanninmu, domin su ne suke isa ƙauye. Na je gida a lokacin, na tarar a unguwarmu yaran da suka amfana su ne waɗanda wani ɗalibin kwaleji yake tarawa a zaure, ya kunna musu rediyo, in an gama ya maimaita musu a allo. Ga mai bayanin majigi ya sake dawowa.

Abin da na gani da idona

Bayan annobar an tura mu wani horo na mako guda a kan koyarwa ta intanet, a nan na fara shiga irin wannan aji. Ranar farko kunya na sha. Mutum-mutumina ya yi ta karo da bango, na rasa yadda zan zaunar da shi, ga mai koyarwa tana jira. A rana ta uku hannuna ya faɗa, har na shiga ɗakin gwaje-gwajen kimiyya na haɗa waya da batir da ƙwan fitila, na ga ya kama. Nan take na tuna yadda muka haddace irin wannan gwaji a aji huɗu daga zanen allo kawai, sai na ji ƙwalla ta taru mini. Lallai abin yana da amfani, kada kowa ya raina shi.

Sai dai da na dawo gida na gwada nuna wa ƙanena, sabis ya riƙa yankewa, datar da na saya ta ƙare kafin mu gama darasi ɗaya, cajin kwamfutar kuma ya mutu babu wuta. Abin da ya cece mu shi ne wasu gwaje-gwajen kimiyya da ake kira PhET, waɗanda Carl Wieman, wanda ya ci kyautar Nobel a 2001, ya assasa a Jami'ar Colorado a 2002. Kyauta ne, kuma ana iya sauke su a ajiye a yi aiki da su ba tare da intanet ba. Da su muka kwana muna wasa da lantarki, ni ina bayani yana tambaya.

Shawarata ga ƙungiya

Tarihin nan tun daga majigi har zuwa korona abu guda yake nuna mana: duk inda karatu daga nesa ya yi albarka, za ka tarar akwai mutum a kusa da ɗalibi wanda ya fahimci abin yana jagorantarsa. Saboda haka ina roƙon shugabanninmu da a raba kuɗin nan kashi uku. Kashin farko a sa sola da batura, domin kwamfuta ba wuta kwalliyar ɗaki ce. Kashi na biyu a ɗauki nauyin horar da malamai biyu ko uku na kimiyya da lissafi, a kuma ba su ɗan alawus na darasin yamma. Kashi na uku a sayi kwamfutoci ko da goma ne, a cika su da darussan da ba sa buƙatar data. In waɗannan sun zauna da gindinsu, shiga manyan azuzuwan intanet zai zo a kan lokacinsa, domin da rarrafe yaro kan tashi. Ni kuma na ɗauki alkawarin ba da Asabar ɗaya a kowane wata in zo in zauna da malaman, kuma na san a cikinmu akwai injiniyoyi da masana kwamfuta da suka fi ni iyawa.

Malamanmu da suka koyar da mu da alli da baƙin allo, Allah Ya saka muku da alheri, waɗanda suka riga mu gidan gaskiya Allah Ya jiƙansu. Mu kuma Allah Ya ba mu ikon yi wa na baya abin da aka yi mana, amin.