Girgiza Kai: Tarihin Waƙar Da Aka Hana, Ta Ƙi Hanuwa

Jama'a masu karatu, yau za mu ɗan jingine labarin soyayya mu waiwayi wani abu da ya faru a Kano, wanda ya shafi mawaƙa kamar yadda ya shafe mu marubuta, domin kuwa sanda ɗaya aka ɗauko mana gaba ɗaya.

A 2007, bayan abin kunyar nan na bidiyon wata 'yar fim, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban Hukumar Tace Finafinai. Daga nan aka shiga kame. A shekarar aka ɗaure Adam A. Zango saboda faifansa Bahaushiya, mu kuma marubuta daga baya aka ce sai mun yi rajista kafin littafi ya shiga kasuwa.

A cikin wannan zafi ne Nazir Ahmed Hausawa, wanda aka fi sani da Ziriums, ya fito da murya. Shi mai haɗa sauti ne a situdiyo, ya san kiɗan finafinan Hausa ciki da bai. Sai ya ɗauki salon hip hop na baƙaƙen Amurka, wanda mu muka fi kira gambarar zamani, ya zuba masa Hausar Kano da habaici irin na zaurance. Abin da ya haifar ita ce Girgiza Kai, waƙar da ta yi wa masu takunkumi shaguɓe ba tare da an yi dambe ba. A 2008 har gidan talabijin na CNN ya nuna shi yana bayanin halin da mawaƙan Kano suke ciki.

A 2009 wata kotun tafi-da-gidanka ta haramta waƙoƙi 11, har da Girgiza Kai da Hasbunallahu ta Aminu Ala, wanda shi ma marubucin littattafai ne irinmu. To amma an makara. Waƙar ba a shago take ba balle a kwashe, tana cikin wayoyin samari, ana tura ta ta bulutut daga hannu zuwa hannu. Hukuncin kuma bai wuce iyakar jihar Kano ba. Saurayin da ya hau mota zuwa Gumel, ko ya je cin kasuwar Alhamis a Maigatari, yana iya kunna ta a bainar jama'a, ɗan Nijar da ya kawo dabbobi ya karɓa ya wuce da ita Damagaram.

Ziriums ya koma Abuja, inda salonsa ya ƙara faɗi, ya riƙa gauraya Hausa da Turanci. A 2010 ya saki kundinsa This Is Me, kuma ta intanet aka sayar da shi, a iTunes da Amazon. Abin dubawa a nan shi ne, Baturen da ke Amurka ya fi ɗan Kano sauƙin sayen kundin, alhali ɗan Kanon ne aka yi waƙoƙin dominsa, kuma shi ya riga ya haddace su kyauta. Mawaƙin ya samu suna, amma kuɗin faifai ya zube a hanya.

Daga baya mulki ya canza a 2011, Rabo ya bar kujerar. Sai dai hanyar da takunkumin ya koya wa samari, wato waya da intanet, ita ce yau kowane ɗan hip hop na Arewa yake bi.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.